Boost.Heap a kan sikeli: wane layin fifiko ne ke haɗuwa da ɗan'uwansa ba wahala?

Duk mai rubuta manhaja da C++ ya san std::priority_queue. Ka tura abu, ka duba na sama, ka cire na sama, shi ke nan. Ranar da aiki ya buƙaci a ɗauki layuka biyu a mayar da su ɗaya, ko a sauya matsayin abin da ya riga ya shiga layi, ranar ce ake gane cewa ba ya yin ko ɗaya daga cikinsu. Wannan giɓin ne Boost.Heap ya zo cikewa. Tim Blechmann ne ya rubuta shi, ya shiga Boost a sigar 1.49 a shekarar 2012, kyauta ne, kuma lasisinsa ya yarda a saka shi a manhajar sayarwa.

Hukuncin tun da wuri: kayan aiki ne mai kyau, amma yawancin masu ɗaukarsa suna ɗaukar ɓangaren da bai dace da su ba, saboda sunan Fibonacci, ɗaya daga cikin ire-iren layukan da ke cikinsa, ya fi daɗin faɗa a gaban malami ko mai ba da kwangila.

Mu ɗauki misalin da za mu riƙa aunawa da shi. Kamfanin kai saƙo a cikin garin Kaduna yana da layin odoji na kowace shiyya: Kawo, Mando, Unguwar Rimi, Tudun Wada, Rigasa, sannan tsallaken kogi Barnawa, Kakuri da Sabon Tasha. Kowace oda tana da lokacin da ya kamata ta isa, wadda lokacinta ya fi matsowa ita ce a sama. Da yamma masu babura sun ragu, sai a game layin Kawo da na Mando mutum ɗaya ya riƙe. Jirgin Abuja ya iso tashar Rigasa, kaya sun yi yawa, sai a ɗaga wasu odoji gaba. Gamewa da ɗagawa ke nan, ayyuka biyun da muke magana a kai.

Saka shi ba wuya. A Ubuntu, sudo apt install libboost-dev ya wadatar, domin laburaren fayilolin kai ne zalla, ba abin da za a harhaɗa daban ko a liƙa lokacin haɗa manhaja. Kada a yi kuskuren janyo libboost-all-dev, zai kwaso tarkacen da ba ruwanka da su ya cinye maka data a banza. Ubuntu 22.04 na zuwa da Boost 1.74, 24.04 kuma da 1.83, duka biyun suna da abin da za a ambata a nan. Wanda ya sauke cikakken kundin tar.gz daga shafin Boost ya shirya wa abin da ya haura megabait 100. Akwai ƙaramin kayan aiki mai suna bcp da ke tsamo laburare ɗaya da abin da ya dogara da su, sai a zuba a filashi a raba wa abokan aiki.

A ciki akwai tsibi (heap, wato tsarin da kullum ke riƙe abu mafi fifiko a sama) iri shida: priority_queue, d_ary_heap, binomial_heap, fibonacci_heap, pairing_heap da skew_heap. Biyun farko a jere suke ajiye kayansu a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar buhuna a sito. Sauran huɗun ƙulli-ƙulli ne, kowane abu da ɗakinsa, manunai, wato adireshin da ke nuna inda wani abu yake, ne ke haɗa su. Wannan rabuwar ita ce gaba ɗayan labarin. Na jere suna da saurin turawa da cirewa amma ba su iya gamewa sai an kwashe ɗaya an zuba a ɗaya. Na ƙulli kuwa gamewarsu sauya manuni ne kawai, amma kowane taku a cikinsu tsalle ne zuwa wani lungu na ƙwaƙwalwa.

Tsibin jere mai 'ya'ya biyu, wato bishiyar da kowane abu ke da biyu a ƙarƙashinsa, tsohon hannu ne, J. W. J. Williams ya fito da shi a 1964, Donald Johnson kuma ya faɗaɗa shi zuwa mai 'ya'ya da yawa a 1975. A Boost dole ka faɗi yawan 'ya'yan da kanka, misali arity<4>. Huɗu ne wurin farawa mai kyau: tsawon bishiyar ya ragu da rabi, kuma idan kowace oda bait 16 ce, 'ya'ya huɗu bait 64 ke nan, daidai girman layin kash ɗaya (kash ita ce ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke kusa da injin kwamfuta) a yawancin na'urorin yau. Gamewarsa ana yi da heap_merge, wanda ke aiki a kan kowane iri, har iri biyu mabambanta, amma a nan kwashewa yake yi ɗaya bayan ɗaya. Takardun laburaren sun sa masa taku (N+M) log(N+M), inda N da M su ne yawan kayan layukan biyu.

Kafin a raina wannan adadin, a yi lissafi. Layin Kawo oda 300, na Mando 200. Logaridim na 500 bai kai 9 ba. Ko an ɗauki mafi muni, taku 4,500 ne, abin da kwamfutar tokumbo mafi tsufa za ta gama kafin ka ƙifta ido, sau ɗaya a yini. Duk wanda matsalarsa ke nan ba ya buƙatar tsibi mai gamewa, ba ya ma buƙatar Boost. Ya ajiye odojinsa a std::vector, ya liƙa na biyu a bayan na farko, ya kira std::make_heap, wanda ƙa'idar C++ ta yi alƙawarin ba zai wuce kwatance 3N ba. Akwai kuma tsohuwar dabarar zuba ƙarami cikin babba: kullum ƙaramin layi ake kwashewa, don haka duk lokacin da abu ya yi ƙaura girman gidansa ya ninka aƙalla, kuma a cikin abu miliyan ɗaya ba wanda zai ƙaura fiye da sau 20. Wannan dabarar kaɗai ta kashe rabin dalilan da ake kawowa na neman tsibi mai gamewa.

Inda gamewa ke da tsada da gaske shi ne inda ake yin ta dubbai ko miliyoyi: tara maki rukuni-rukuni inda kowane rukuni ke da layinsa, lissafin da ke hawa bishiya daga ganye zuwa saiwa yana game layukan 'ya'ya a kowane reshe, ko neman bishiyar haɗi mafi arha a zanen da hanyoyinsa ke da alƙibla, wanda Tarjan ya nuna a 1977 yadda ake saurinta shi da irin waɗannan layuka. A nan ne huɗun nan ke biyan kuɗin sabulu.

binomial_heap shi ne mafi sauƙin fahimta, kuma shi ne mafi riƙon alƙawari. Jean Vuillemin ɗan Faransa ya ƙirƙiro shi a 1978. Tsibin tarin bishiyoyi ne masu girman 1, 2, 4, 8, 16, ba biyu masu girma ɗaya. Layi mai oda 13 yana da bishiyar 8, da ta 4, da ta 1. Mai oda 6 yana da ta 4 da ta 2. Idan aka game su, ta 1 ta zauna, ta 2 ta zauna, 4 da 4 su haɗu su zama 8, wannan 8 ɗin ta tarar da wata 8 su zama 16. Sakamako 16, 2, 1, wato 19, da ɗauri biyu kacal. Tarawa ce irin ta firamare mai "a riƙe ɗaya", sai dai da lissafin sifiri-da-ɗaya. Amfaninsa shi ne ba ya ɓoye bashi: kowace cirewa da kowace gamewa ba ta wuce log N, ko yau ko gobe.

Maganar bashi ce ta kawo mu kan fibonacci_heap. Michael Fredman da Robert Tarjan suka gabatar da shi a 1984, kuma a kan takarda ba kamarsa: turawa taku ɗaya, gamewa taku ɗaya, ɗaga fifiko taku ɗaya idan an raba kuɗin a kan dukkan ayyuka. Da shi ne hanyar Dijkstra ta neman gajeriyar hanya ta sauko zuwa E + V log V, inda E yawan hanyoyi ne, V kuma yawan mahaɗa. Amma yadda yake samun wannan arhar shi ne ɗage aiki. Ka tura abu miliyan ɗaya, kowanne sai a rataye shi a jerin saiwoyi ba tare da an tsara komai ba, kamar mai shago da ke jibge kaya a ƙofa yana cewa sai an jima. Cirewar farko ita za ta biya duka: dole ta bi saiwoyi miliyan ta ɗaure su biyu-biyu. A jimlace lissafin ya fita daidai, amma idan manhajarka tana amsa kiran wayar mai babur da ke tsaye a rana a Kasuwar Barci, wannan cirewar guda ita zai gani, ba matsakaicin ba.

Sai nauyi. Ƙullin Fibonacci na asali yana ɗauke da manunai huɗu, na uwa, na ɗa, na hagu da na dama, kowanne bait 8 a na'ura mai bit 64, ga ƙidayar 'ya'ya, ga alamar yanka. Oda mai bait 16 ta koma 56, mai rabon ƙwaƙwalwa ya ɗora nasa kai, an kai 64 ko fiye. Abu miliyan goma a jere megabait 160 ne. A ƙulle ya kai 640 aƙalla. A laftof mai gigabait 4 da burauza a buɗe, irin wadda ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna da na Kadpoly da yawa ke yin aikin kammala karatu da ita, wannan bambancin ne tsakanin gwajin da ya ƙare da wanda ya sa na'ura ta sandare. Kuma ba girman kaɗai ba ne. Ƙullayen a warwatse suke, kowane bin manuni na iya zama jiran RAM, jiran da ya ninka kwatance ɗaya sau da dama. Larkin, Sen da Tarjan sun yi gwajin ire-iren layukan nan a 2014, suka tarar lokacin da ake ɓatawa yana bin yawan kuskuren kash ne sosai, kuma tsibin jere da na pairing ne ke yawan zuwa gaba, Fibonacci na baya. A lura, Tarjan ɗin da ya haifi Fibonacci ne da kansa a cikin masu gwajin.

pairing_heap ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin masu buƙatar gamewa da ɗagawa a tare. Fredman, Sedgewick, Sleator da Tarjan suka fito da shi a 1986 don a sami sauƙin da Fibonacci ya rasa. Gamewarsa kwatance ɗaya ne: a duba saiwoyi biyu, wadda ta sha kaye ta zama 'yar wadda ta ci. Cirewa kuma a ɗauki 'ya'yan saiwar a ɗaure su a koma ɗaya. Masana har yau ba su gama rufe lissafin ɗaga fifikonsa ba; Fredman ya tabbatar a 1999 cewa ba taku ɗaya ba ne, Seth Pettie kuma ya sa masa iyaka ta sama a 2005 wadda ke ƙasa da log N. Ga mai aiki wannan muhawarar ba ta taɓa shi. Abin da ya shafe shi shi ne yana da halin ɗage aiki irin na Fibonacci, cirewar farko bayan turawa mai yawa tana da nauyi.

skew_heap, na Sleator da Tarjan shi ma a 1986, bishiya ce mai 'ya'ya biyu da ke musanya hagu da dama a duk inda gamewa ta bi. Ƙullinsa ne mafi sauƙi, manunai biyu, muddin ba ka kunna mutable_<true> ba, wanda ke ƙara manunin uwa. Idan aikinka gamewa da cirewa ne kawai, ba ɗagawa, fara gwada shi. Abin lura ɗaya: ba abin da ya hana bishiyarsa yin zurfi sosai, kuma duk aikin da ke bin bishiya ta hanyar kiran kansa yana iya cika rumbun kira idan zurfin ya kai dubban ɗaruruwa. A gwada shi da bayanai miliyoyi da aka riga aka jera, hawa da sauka, kafin a yarda da shi. Tsibin leftist na Clark Crane na 1972, wanda ke da tabbacin log N a kowace gamewa, babu shi a laburaren, kuma rashi ne, domin shi ne wanda masu gasar rubuta manhaja suka fi sabawa da shi.

Yanzu inda gizo ke saƙa. Kurakurai uku ne ke cin mutane, kuma ba ɗaya daga cikinsu da kompayila zai yi maka ihu a kai.

Na farko sunaye ne. Littattafan makaranta suna koyar da tsibi mai ƙarami a sama, suna kiran aikin ɗagawa "rage maɓalli". Boost ya bi std::priority_queue, babba ne a sama, kuma increase da decrease a wurinsa suna nufin fifiko, ba lambar da ke cikin oda ba. To ka saka compare<std::greater<int>> don mafi ƙarancin minti ya hau sama. Oda tana da saura minti 45, mai kaya ya bugo waya daga Barnawa ya ce gaggawa ne, ka mayar da ita 10. Lamba ta ragu, hannu sai ya rubuta decrease. Kuskure ne, fifikonta ƙaruwa ya yi, increase ake kira. A d_ary_heap, decrease yana duba ƙasa ne ya ga ko odar za ta nutse. Ya tarar ta fi 'ya'yanta, sai ya bar ta inda take, ƙarƙashin uwa mai minti 30. Ba faɗuwa, ba saƙon kuskure, top kawai zai riƙa ba da odar da ba ita ba, a kai ta minti 30 kafin ta minti 10. Maganin shi ne update, wanda ke aiki ko sama ko ƙasa a log N. A koma increase sai awo ya nuna cewa nan ne lokaci ke tafiya, kuma a sa gwajin da ke cire komai ya tabbatar a jere suka fito.

Na biyu ya fi ɓuya, kuma ya shafi gamewa kai tsaye. Zaɓin stable<true> yana sa odoji masu fifiko ɗaya su fita bisa wanda ya riga zuwa. Yadda yake yi shi ne kowane tsibi yana da ƙidayarsa, duk abin da ya shigo a manna masa lamba ta gaba. Kowane tsibi da tasa, nan ne matsalar. Kawo ta yi ciniki, ƙidayarta ta kai 500 da la'asar. Mando shiru, tana 40. Aka game. Odar Mando da ta shigo ƙarfe huɗu na yamma da lamba 40 za ta sha gaban odar Kawo ta ƙarfe goma na safe mai lamba 120, idan fifikonsu ɗaya. Laburaren bai yi laifi ba, bai san agogo ba. Amma mai odar safe ba zai karɓi wannan bayanin ba. Idan za a game layuka kuma ana son adalcin layi, a bar stable, a saka lambar tikiti guda ta kamfanin gaba ɗaya a cikin odar, mai kwatance ya duba lokacin isarwa tukuna, in sun yi kunnen doki ya duba tikiti.

Na uku mariƙi ne. push yana dawo da handle_type, da shi ake komawa ga oda don a sauya ta ko a goge ta da erase. Da zarar an cire odar, mariƙin ya zama igiyar da ba akuya. Wanda ya ajiye su a taswira dole ya goge nasa a daidai lokacin pop. Idan aka kwafi tsibi, tsofaffin mariƙai na asalin suke nunawa, ba kwafin ba. Bayan gamewa kuwa, tsibin dama ya koma fanko, kuma makomar mariƙan ta danganta da iri: inda ake ɗaure ƙullaye ba a motsa su daga mazauninsu, amma inda heap_merge ke kwashewa yana turawa, kamar a d_ary_heap, sababbin gurabe ake yi, tsofaffin mariƙan ɓangaren dama sun mutu. Mai amfani da mai rabon ƙwaƙwalwa na kansa kuma ya tabbata tsibi biyun daga rumbu ɗaya suke ɗiba, in ba haka ba ƙullin da aka ara daga rumbun Mando za a mayar da shi rumbun Kawo.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: d_ary_heap da aka kunna wa mutable_<true> ya rasa yawancin saurin da ya sa aka zaɓe shi, domin kayan sun koma wani jeri daban, tsibin manunai kawai yake juyawa. Ga Dijkstra a kan zanen titunan gari, inda mahaɗa ɗaya ba ta cika wuce hanyoyi uku ko huɗu ba, sau da yawa ya fi arha a bar ɗagawa gaba ɗaya: a sake tura mahaɗar da sabuwar tazararta, in tsohuwar ta fito daga baya a yi watsi da ita.

Takardun laburaren gajeru ne. Teburin kwatanta tsadar ayyuka yana da amfani, misalai kuwa kaɗan ne, kuma kuskure ɗaya a cikin zaɓuɓɓukan samfuri na iya zubo saƙon kompayila mai cika allo da yawa. A nemi layin farko da ya ambaci fayil ɗinka, a manta da sauran. Ba a gina shi don zare da yawa, wato sassan manhaja da ke gudana tare, su taɓa tsibi ɗaya a lokaci guda ba, makulli naka ne ka sa. A gefen yabo, ordered_begin yana ba ka damar leƙa odoji goma na gaba a jere ba tare da ka cire su ba, abin da allon mai rarraba aiki ke buƙata kullum, kuma tunda duka shidan kusan fuska ɗaya suke da ita, sauya iri layi ɗaya ne idan ka sa sunan a using tun farko.

Yana da kishiya a gida. Duk mai g++ yana da __gnu_pbds::priority_queue a ext/pb_ds/priority_queue.hpp ba tare da ya sauke komai ba, pairing ne tsohon zaɓinsa, join ke gamewa, modify ke sauyawa ko ta wane ɓangare, don haka tarkon increase da decrease babu shi. Aibinsa shi ne na laburaren GNU ne, ba ya bin ka zuwa Visual Studio. Masu Python kuma kada suna ya ruɗe su: heapq.merge jerarrun bayanai yake haɗawa, ba tsibi biyu ba.

Awo shi ke raba gardama, kuma yana da ƙa'ida. A harhaɗa da -O2 da -DNDEBUG, domin ba tare da su ba samfuran Boost suna da nauyin da ba nasu ba ne. A yi amfani da ainihin cakuɗar aikin: turawa nawa, cirewa nawa, gamewa nawa, da girman layukan lokacin gamewar. A auna da std::chrono::steady_clock, a rubuta jimilla, a kuma rubuta aiki guda mafi daɗewa, don a nan ne bashin Fibonacci da pairing ke fitowa. A Linux, perf stat -e cache-misses zai nuna dalilin bambancin. Sannan a yi dukkan gwajin da caja a jiki. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya laftof ya koma batir, yawanci yana rage gudun injinsa, sai irin da aka gwada daga baya ya fito kamar shi ne mai nawa. In hakan ta faru a zubar da sakamakon, a jira wuta ko a tada janareta, a sake daga na farko.